Mene ne rububin cire kuɗi daga banki?

Rububin cire kuɗi shi ne masu ajiya su yi ca a kan banki lokaci guda, kowa na neman a ba shi kuɗinsa, saboda tsoron bankin zai durƙushe. Babu bankin da zai iya biyan kowa a rana ɗaya, ko da kuwa lafiyarsa lau. In ka ajiye dala 100, banki ba ya kulle ta a ma'aji yana jiran ka. Yakan riƙe kaɗan, a ce dala 10, sauran ya ba manomi ko ɗan kasuwa ko mai gina gida rance na wata shida ko na shekaru. Kai kana da damar karɓar naka yau, shi kuma bankin sai wa'adi ya cika zai karɓi nasa.

A nan matsalar take. Wanda ya riga zuwa layi shi ake biya cif, na baya ya tarar an rufe ƙofa. Saboda haka ko wanda bai yarda da jita-jitar ba, gara ya je ya bi layi. Bankin kuwa, don ya sami tsabar kuɗi, sai ya karyar da takardun lamunin da ke hannunsa. Farashinsu ya faɗi, sauran bankunan da ke riƙe da irinsu su ma dukiyarsu ta zube, masu ajiyarsu su ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta.

Amurka ce ta fi shan wannan wuya tsakanin 1930 da 1933. A 1929 ƙasar na da bankuna wajen 25,000, galibinsu ƙanana ne masu ofis ɗaya, domin dokokin jihohi da yawa sun hana buɗe rassa. Bankin da duk masu cin bashinsa manoman alkama ne ko na auduga, da farashi ya karye ba shi da wani wurin da zai jingina. A Nuwamba 1930 kamfanin hada-hadar kuɗi na Caldwell da ke birnin Nashville ya rushe, ya ja bankunan kudu da dama. Ranar 11 ga Disamba aka rufe Bank of United States a New York, da ajiyar mutane ta sama da dala miliyan 200. Banki ne na 'yan kasuwa, amma sunansa ya sa wasu suka zaci na gwamnati ne.

Babban bankin ƙasar, wanda aka kafa a 1913 musamman don ya agaza a irin wannan rana, bai yi abin kirki ba. Yawancin ƙananan bankunan ba sa ƙarƙashinsa. Da Ingila ta daina ɗaure fam da zinariya a Satumba 1931, sai babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 1.5 zuwa 3.5 cikin ɗari don kada zinariya ta fice. An tsare zinariya, bankuna suka ci gaba da mutuwa. Kimanin 9,000 ne suka faɗi a shekaru huɗun, kuɗin da ke yawo a ƙasa ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Gyaran ya zo a matakai. Franklin Roosevelt ya hau mulki ranar 4 ga Maris 1933, ranar 6 ya rufe duk bankunan ƙasar. Ranar 9 majalisa ta amince da dokar gaggawa da ta ba jami'ai ikon duba littattafan kowane banki, ta kuma ba babban banki damar fitar da sababbin takardun kuɗi ga waɗanda suka tsallake bincike. Daren 12 ga wata ya yi wa jama'a bayani ta rediyo. Kashegari aka buɗe bankunan birane 12 da babban banki ke da ofis, na sauran garuruwa da suka tsallake bincike suka biyo baya a ranakun 14 da 15. Mutane suka sake yin layi, wannan karon don mayar da kuɗi.

Maganin dindindin shi ne inshorar ajiya, wadda dokar Glass-Steagall ta Yuni 1933 ta kawo. Hukumar inshorar ajiya, wato FDIC, ta fara ba da inshora ranar 1 ga Janairu 1934, tana lamunce wa kowane mai ajiya dala 2,500, aka ninka zuwa 5,000 a tsakiyar shekarar. Wanda ya san za a biya shi ko banki ya mutu, me zai kai shi layi? A 1934 bankuna 9 kacal cikin masu inshora suka faɗi. Roosevelt da kansa bai so tsarin ba da farko, yana ganin zai sa shugabannin banki sakaci da dukiyar mutane, kuma tsoron nasa ba na banza ba ne. Shi ya sa inshora ba ta tafiya sai da sa ido mai tsanani.

Inshorar tana da iyaka, kuma ta nan rububi yake dawowa. Yau iyakar a Amurka dala 250,000 ce. Yawancin ajiyar Silicon Valley Bank ta kamfanoni ce da ta zarce haka, shi ya sa ranar 9 ga Maris 2023 aka nemi cire dala biliyan 42 ta waya da kwamfuta, washegari hukuma ta rufe shi. A Najeriya NDIC ce ke wannan aiki, kuma a 2024 ta ɗaga iyakar zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Abin da ya haura haka, sai an sayar da kadarorin bankin an karɓo basussukansa kafin a biya.