An Kama Ɓarawo a Unguwa: Abin da Doka Ta Yarda Ka Yi da Inda Ta Ce Ka Tsaya

Mutane da yawa ba su san dokar Najeriya ta ba kowa ikon kama mai laifi ba. Ba sai ɗan sanda ba, ba sai mai kaki ba. Mai shayin da aka fizge wa wata baiwar Allah waya a gaban tebur ɗinsa, ɗan a-daidaita-sahun da ya tarar ana ɓalle kwaɗon shago, 'yan sintirin da suka yi kiciɓis da mai haura katanga da tsakar dare, duk doka ta yarda su riƙe mutumin. Inda ake samun matsala shi ne abin da ke biyo bayan kamun. A nan ne wanda ya fito don taimakon unguwarsu yake wayar gari shi ake nema da laifin kisan kai.

Ikon kamun yana rubuce a Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu dab da saukarsa daga mulki. Sashe na 20 ya ce mutumin gari zai iya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin cewa ya aikata irin laifin da ɗan sanda kan yi kamu a kansa ba tare da takardar kotu ba. Sata, fashi, kisa da fasa gida duk suna ciki. Dokar ta kotunan tarayya da Abuja ce, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Lambar sashe takan bambanta daga jiha zuwa jiha, hukuncin dai ɗaya ne. Sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta maimaita wannan iko, ita kuwa tana aiki a duk faɗin ƙasar.

Sai dai a lura da sharaɗin: ƙwaƙƙwaran dalili. Ihun "ɓarawo!" da ka jiyo daga nesa ba dalili ba ne, domin ba ka san wanda ya fara shi ba, ba ka san abin da ke tsakaninsu ba. Akan yi wa mutum ihun ɓarawo saboda rikicin bashi, ko kishi, ko musun kuɗin mota. Wani lokacin ma ɓarawon ne da kansa yake gudu yana ihun don a bi wani. Kasancewar mutum baƙo a unguwa ba dalili ba ne, haka yarensa, haka askin kansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta faɗa wa jami'an kansu cewa launin fatar mutum, shekarunsa, gyaran gashinsa ko irin shigarsa ba su isa hujjar tsayar da shi a caje shi ba. Idan an hana mai kaki wannan, ta yaya zai halatta ga wanda ba shi da kaki?

Mu 'yan Arewa mun ga inda zato yake kai mutane. A ƙarshen watan Maris na 2025, 'yan sintiri a garin Uromi na jihar Edo suka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan jihar Kano da ke hanyar komawa gida hutun Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, jama'a suka taru, aka kashe mutum 16. Da an bi abin da doka ta ce, iyakar abin da zai faru shi ne a kai su caji ofis, a tambayi takardun bindigoginsu, a bincika. Duk wanda abin Uromi ya ƙona masa rai, to ya sani cewa dokar da aka take a can ita ce ake takewa a nan duk ranar da aka rufe wani yaro da duka a bakin kasuwa.

To, ka kama shi da hujja. Sai me? Sashe na 23 na dokar 2015 ya ce ka miƙa shi ga ɗan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, idan babu ɗan sanda a kusa ka kai shi caji ofis mafi kusa. Nan ikonka ya ƙare. Ba ka da hurumin tuhumarsa har ya faɗi abokan satarsa. Ofishin 'yan sintiri ba wurin kwanan wanda ake zargi ba ne. Ba a yarda a ci shi tara ba, ko a aske masa kai, ko a rataya masa kayan satar a zagaya da shi gari yara na bin sa, ko a tuɓe shi a ɗauki bidiyo a watsa a Facebook da TikTok. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanci ga kowane ɗan Adam, bai ware ɓarawo ba. Ƙarfin da aka yarda ka yi amfani da shi shi ne gwargwadon abin da zai hana shi guduwa ko ya ji wa wani rauni. Da zarar ya zauna, ko an riƙe hannunsa, duk marin da ya biyo baya laifi ne mai zaman kansa, kuma naka ne.

Wannan bai shafi kare kai ba. Idan ɗan fashi ya shigo maka gida da dare da makami, ko mai ƙwacen waya ya zaro maka wuƙa, dokar fanal kot da ake aiki da ita a Arewa ta ba ka damar kare ranka da na iyalinka da dukiyarka, har idan abin ya kai ga rasa ransa a cikin artabun. Amma ta gindaya cewa kada cutarwar ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Wanda aka riga aka ƙwace wuƙarsa, aka danne shi a ƙasa, ba barazana ba ne ga kowa. Dukansa a lokacin ramuwa ce, kuma alƙali zai kira ta da sunanta.

Akwai wani kuskure da ke jan mutane cikin taron duka: tunanin cewa laifin da mutum hamsin suka yi ba ya hawa kan kowa. "Ni ai gora ɗaya na buga masa." Doka ba ta lissafi haka. Ƙa'idar fanal kot ita ce idan mutane suka haɗu da niyya ɗaya suka aikata laifi, kowannensu za a hukunta shi kamar shi kaɗai ya aikata. Wanda ya kawo taya, wanda ya miƙo fetur, wanda ya tsaya yana zuga, duk suna iya fuskantar tuhumar kisan kai, wadda hukuncinta ke kaiwa ga kisa. Kuma wayoyin da ake ɗagawa ana ɗaukar hoto su ne shaidar da za ta nuna fuskar kowa.

Masu cewa ai Musulunci ya tsananta a kan ɓarawo, gaskiya ne, amma wa ya ba wa ikon zartarwa? Alƙali. Kafin a yi maganar haddi sai an tabbatar da satar ta hanyar shaidu adilai ko iƙirarin da ba na tilas ba, sai kayan sun kai nisabi, sai an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, kuma shubuha tana kawar da haddi. Jihohin da suka kafa dokokin laifuka na shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 2000, kotu suka ɗora wa wannan aiki, ba matasan layi ba. Ƙona mutum da wuta kuwa babu malamin da zai ce maka hukuncin sata ne.

Yanzu ga ainihin ƙorafin, wanda duk mai son gaskiya ya san ba ƙarya ba ne: "Mu kai shi yau, gobe mu gan shi a gari yana mana dariya." Hakan na faruwa, kuma wani lokacin kuɗi ne ya yi aiki. Amma ba kullum ba, kuma ya kamata a rarrabe.

Sashe na 35 na tsarin mulki ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu cikin kwana biyu. Idan laifin ba na hukuncin kisa ba ne, kuma ba a gama bincike ba, 'yan sanda na da ikon ba da belinsa. Sata na cikin laifukan da ake bayar da beli a kansu. Saboda haka ganin mutum a gari ba ya nufin an kashe maganar. Beli aro ne aka ba shi, akwai wanda ya tsaya masa, akwai ranar da zai koma. Kuma belin 'yan sanda kyauta ne, duk wanda ya karɓi kuɗi a kansa cin hanci ya karɓa. Ƙwace da makami kuwa wani babi ne daban. Wanda ya tsare mutum da wuƙa ya karɓe waya ba sata ya yi ba, fashi da makami ya yi, dokar tarayya kan fashi ta tanadi kisa a kansa, kuma ba a ba da irin wannan beli a caji ofis.

Abin da ya fi kashe shari'ar ɓarawo, a ganina, mu ne. An kai shi, an mayar wa mai waya wayarsa, kowa ya watse. Aka ce a zo a rubuta jawabi, mai kayan ya ce shi ya bar wa Allah. Shaidu suka ce ba sa son shiga maganar hukuma. Iyayen yaron suka bi dare suka ba da haƙuri. Ranar zama mai gabatar da ƙara ya tashi ba mai ƙara, ba shaida, ba kayan da aka sata. Majistare ba zai ɗaure mutum da labarin unguwa ba, domin sashe na 36 na tsarin mulki ya ce kowa mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Dole ya kori ƙarar. Ga kuma ɓarnar da dukan kansa ke yi: sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Wato wanda ya lakaɗa wa ɓarawo duka har ya amsa laifi, ya miƙa wa lauyansa hujja ne da hannunsa. Sau da yawa ma asibiti za a fara kai shi, a koma neman waɗanda suka fasa masa kai.

Don haka unguwar da ke son ɓarawonta ya ɗauru, aikinta a caji ofis yake farawa. A raka shi da mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu. A miƙa wuƙar ko kayan da aka same shi da su yadda suke, a tabbatar an rubuta. A nemi sunan jami'in da ke binciken da lambar wayarsa. A sanar da mai unguwa, ya sa ido. Ranar kotu a je, ko da an ɗage zama sau uku, a sake komawa. Idan aka ga alamar an sayar da maganar, akwai baturen 'yan sanda na yankin, sama da shi akwai kwamandan shiyya da kwamishina, akwai sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta buɗe tun 2015, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Takardar koke da mutum ashirin suka sa wa hannu ba a jefar da ita kamar yadda ake korar mutum ɗaya.

Wasu abubuwa biyu suna yawan faruwa da sunan tsaro alhali doka ta hana su ƙarara. Na farko, kama wani a madadin wani. An nemi yaro ya gudu, sai a tafi da mahaifinsa ko matarsa a ce sai ya fito. Sashe na 7 na dokar 2015 da sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda sun haramta wannan ga 'yan sanda, balle 'yan sintiri. Na biyu, bashi. Wanda ya ci kuɗinka na ciniki ya ƙi biya, kotu za ka kai shi, ba bayan kanta ba.

Su kansu 'yan sintiri, 'yan banga da 'yan sa-kai, ina matsayinsu? Sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya. Wannan yana da tarihi. Dattawa na tuna 'yan dokan En'e, wato 'yan sandan hukumomin gargajiya na dā, da yadda aka riƙa amfani da su a kan 'yan adawa, musamman 'yan jam'iyyar NEPU, har gwamnatin soja ta haɗe 'yan dokan cikin rundunar tarayya bayan 1966. Ƙungiyar sintirin unguwa, komai kyan kakinta, ikonta a doka shi ne na mutumin gari: ta kama, ta miƙa. Rundunonin da jihohi suka kafa da dokar majalisa, irin ta Katsina da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024, suna da dokokinsu da albashinsu, amma su ma ba kotu ba ne, wanda suka kama sai ya bi ta hannun hukuma zuwa gaban alƙali. Bindiga kuma, ko ta gargajiya ce, Dokar Makamai ta ce sai da lasisi.

Ba ina rage wa waɗannan bayin Allah daraja ba ne. Su ke kwana a tsaye cikin sanyin hunturu muna barci, galibi kan ɗan abin da magidanta suka tara a ƙarshen wata, wasu sun rasa rayukansu a kan hakan. Shi ya sa bai kamata a bar su cikin duhu ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma da za su haɗa 'yan sanda da wakilan jama'a tun daga matakin jiha har zuwa kowane babban caji ofis. Mai unguwa da shugaban sintiri suna da haƙƙin zuwa wurin baturen 'yan sanda su tambayi su waye a kwamitin yankinsu, yaushe yake zama. A irin wannan zama ake kai sunayen 'yan sintiri a yi musu rajista, a karɓi lambar motar sintirin dare da za a kira idan an yi kamu ƙarfe biyu, a kuma ajiye lambar gaggawa ta 112 a wayar kowane ɗan ƙungiya.