Haƙar jan ƙarfe a buɗaɗɗen rami: ya ake sanin nawa ne a ƙasa kafin a zuba kuɗi?

Wai me ya sa ake buɗe ƙasa gaba ɗaya, ba a bi ta ƙarƙashi ba?

Saboda jan ƙarfen ba a dunƙule yake ba. A manyan mahaƙun Chile da Peru da Amurka a warwatse yake cikin dutse, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, wato ka fasa tan guda na dutse da ƙyar ka samu kilo 10. To in haka ne ai dole sai an kwashe dutse mai ɗimbin yawa kafin a ga riba, shi ya sa ake sa nakiya a fasa, a loda wa manyan tifofi masu ɗaukar tan 300 ko fiye, ramin kuma a yanka shi hawa-hawa don kar bango ya rufto. Ramin Bingham Canyon a jihar Yuta ta Amurka tun 1906 ake cinsa, zurfinsa ya haura kilomita guda, faɗinsa kusan kilomita 4.

To ta ya suke sanin abin da ke ƙasa tunda ba su gani ba?

Huda ƙasa ake yi da inji irin na haƙa burtsatse, a zaro dutsen dogo-dogo, a kai ɗakin gwaji a auna jan ƙarfen da ke kowane yanki. Daga nan a zuba sakamakon a kwamfuta ta raba ƙasar gida-gida ta yi ƙiyasin abin da ke tsakanin hudar nan da waccan. In hudojin sun yi nesa da juna hasashe ne kawai, in sun matso kusa sai maganar ta yi ƙarfi.

Ashe duk abin da aka gano shi ne ajiyar mahaƙar?

A'a, kuma nan ne nake ganin ake yawan yaudarar mutane. Abin da ke kwance a ƙasa daban, abin da za a iya fitarwa a sayar a ci riba daban, kuma wannan na biyun kaɗai ake kira ajiya. Sai an lissafa kuɗin man dizal da wuta da albashi da haraji, da tan nawa na dutsen banza za a kwashe kafin a taɓa mai amfani, sannan a ja layi a ce duk dutsen da bai kai kaza ba shara ne. Shi ya sa in farashi ya tashi sai ka ji ajiyar kamfani ta ƙaru alhali ko tsakuwa ɗaya ba ta ƙaru a ƙasa ba, in ya faɗi kuma ta ragu. Ruwa ma yana cikin lissafin, mahaƙar Escondida da ke hamadar Atakama a Chile, wadda ta fi kowace mahaƙa fitar da jan ƙarfe a duniya, ruwan teku take tacewa ta turo shi har kan tudu mai tsayin mita 3,000. Ga kuma doka: a 2023 kotun ƙolin Panama ta soke kwangilar mahaƙar Cobre Panama aka rufe wurin, jan ƙarfen kuwa yana nan ba inda ya je.

Kamfani zai iya shara ƙarya a kan adadin?

An yi kuwa. A 1997 asirin kamfanin haƙar ma'adinai Bre-X na Kanada ya tonu, zinare ne ba jan ƙarfe ba, ashe barbaɗa shi ake yi cikin samfurin da aka ɗebo a Busang ta Indonesiya, mutane da yawa suka yi asarar jarinsu. Bayan nan Kanada ta fito da ƙa'idar bayar da rahoton ma'adinai mai suna NI 43-101, Ostareliya dama tana da tata mai suna JORC tun 1989, duka biyun sun ce sai ƙwararren da za a iya kama sunansa ya sa hannu a rahoton. Don haka in ka ji an ce an gano tan miliyan kaza, tambayi wa ya sa hannu, kuma hasashe ne ko ajiya.

Yaushe ake daina cin ramin?

Idan zurfi ya sa kuɗin hawa da dutse ya cinye ribar. Mahaƙar Chuquicamata ta Chile ta fi shekara 100 a buɗe, tun 1915, sai a 2019 kamfanin gwamnati Codelco ya fara bin sauran ta ƙarƙashin ƙasa.