Waiwaye: Musun Tsohon Injin Shara da Sabo

A Amurka da Ingila akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara injinan shara, wato masu zuƙe ƙura da lantarki, yadda wani ke kiwon tattabaru. Har ƙungiya gare su, sukan taru su zazzaga yashi a kan kafet su gwada injinansu. Kuma duk inda biyu suka haɗu sai tsohon musun nan ya tashi: a cikin injinan tsaye, waɗanda ake turawa gaba a jawo baya, na da ya fi ko na yanzu?

Tushen abin yana garin Canton ta jihar Ohayo. A 1907 wani mai shara a kanti, James Murray Spangler, wanda ƙura ke tayar masa da asma, ya haɗa ƙaramin injin lantarki da fanka da burushi, ya kafa musu sandar tsintsiya, ya ɗaura rigar matashin kai ta zama jakar tara ƙura. A 1908 ya sayar da fasahar ga William Hoover, mai sana'ar kayan doki na fata. A 1926 kamfanin Hoover ya ƙara ƙarfe a jikin burushin mai juyawa, yana bubbuga kafet yashin da ya nutse ya taso. Kasuwa ta karɓa, har a Ingila sunan Hoover ya zama sunan aikin kansa.

Jigon musun kuwa hanyar da iska ke bi ne. A tsohon tsari fanka tana ƙasa, dab da bakin injin, datti yana ratsa ta kafin ya faɗa jaka. Hanyar gajeriya ce mai faɗi, shi ya sa iska ke kwarara da yawa, har ka ga kafet ya ɗan ɗago yana rawa a ƙarƙashin injin. Masoyan tsoho nan suke kafa hujja, kuma a kan kafet mai kauri da wuya a kayar da su. Sai dai bari ya haɗiyi ƙusa ko kwabo: za ka ji ƙara kamar an watsa tsakuwa a kwano, wani lokaci fiffiken fankar ya tsage. Jakar yadin nan kuma da an kunna sai ta kumbura ta feso ƙura mai laushi, wadda ita ce ta dami Spangler tun farko. A sabon tsari sai iska ta bi ta jaka ko matata tukuna ta isa fanka. Ƙarfin zuƙa ta tiyo ya ƙaru, ana iya share kujera da labule da lungu.

James Dyson, wani mai ƙere-ƙere ɗan Ingila, shi ne ya dagula lissafi. Haushin yadda jakar injinsa ke toshewa ya sa shi neman dabarar da iska za ta yi juyi irin na guguwa ta wurgar da ƙura gefe, ba tare da jaka ba. Sai da ya ƙera samfuri 5,127. Manyan kamfanoni suka ƙi saye, don kuwa cinikin jakunkuna ba ƙaramar riba ba ce a gare su. A 1993 ya fitar da nasa injin mai suna DC01 a Ingila, mai mazubin roba garai-garai, mutum na ganin dattin da ya kwasa. Ni dai ina ganin wannan kallon datti ya sayar da injin fiye da guguwar. Kamfanin Hoover ya kwaikwayi tsarin, kotu ta same shi da laifi a 2000, daga baya ya biya fam miliyan 4.

Sai Tarayyar Turai ta shigo. A 2014 ta kayyade wutar da injin shara zai ja a wat 1,600, a 2017 ta rage zuwa 900. Masu saye suka yi ta ƙorafi, masu tsofaffi kuwa dariya suka yi, domin da yawa daga injinan da suke taƙama da su ko wat 500 ba sa ja.

Inda na fi ba tsoho gaskiya shi ne gyara. Injin kamfanin Kirby na Amurka mai jikin sanholo, da sukudireba ɗaya za ka canza bel da fanka da burushi, ya sake shekaru yana aiki. Na roba kuwa da maƙalli ɗaya ya karye sau da yawa sai jefarwa, mai batir kuma ƙarfinsa na raguwa da tsufan batirin. Amma akwai abin da masoyan tsoho ba sa son ji: injinan da suka kai yau su ne masu tsadar zamaninsu, masu araha tuni suka tafi bola. Gidajen ma sun canza, tayil da katako sun ci wurin kafet, kuma a kan tayil bubbugawar nan ba ta da amfani.

Wasu tsofaffin sukan iso kasuwanninmu cikin kayan gwanjo. Wanda ya tsinci na Amurka ya duba ƙarƙashinsa kafin ya jona: wutar can bolt 120 ce, tamu kuwa 230.