Catan: Wasan Kafa Ƙauyuka a Tsibiri

Catan wasa ne na kan tebur da mutum uku ko huɗu ke yi, kowannensu na ƙoƙarin shimfiɗa hanyoyi da kafa ƙauyuka da birane a wani ƙagaggen tsibiri mai suna Catan. Bajamushe Klaus Teuber ne ya ƙirƙire shi, kamfanin Kosmos na birnin Stuttgart kuma ya fitar da shi a 1995 da sunan Die Siedler von Catan, wato masu kafa mazauni a Catan. Wanda ya riga kowa tara maki 10 shi ya ci. Zama ɗaya kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma an tsara wasan ne don 'yan shekara 10 zuwa sama.

Ba a yaƙi a cikinsa, ba a rushe ginin kowa, ba a kuma fitar da kowa kafin a tashi. An dai tsara tsibirin ta yadda da wuya mutum ɗaya ya samu duk abin da yake buƙata daga filayensa. Dole ya nema a hannun abokan hamayyarsa, su ma su nema a nasa, kuma a kan wannan dolen aka gina wasan gaba ɗaya.

Tsibirin da kayan wasa

Ana harhaɗa tsibirin ne da fale-falen kwali guda 19, kowanne mai kusurwa shida kamar ɗakin saƙar zuma. Huɗu daji ne mai ba da katako, huɗu makiyaya ce mai ba da ulu, huɗu gonaki ne masu ba da hatsi, uku tuddan yumɓu ne masu ba da tubali, uku kuma duwatsu ne masu ba da tama. Na ƙarshe hamada ce, ba ta haifar da komai. Teku ya kewaye su duka, da tashoshin jiragen ruwa tara a gaɓarsa. Da yake ana iya cakuɗa fale-falen a kowane zama, tsibirin jiya ba shi ne na yau ba.

A kan kowane fili, ban da hamada, ana ɗora lamba daga 2 zuwa 12, amma babu 7. Lambobin 18 ne: 2 da 12 sau ɗaiɗai, sauran sau bibbiyu. Kowane ɗan wasa na da ƙauyuka 5, birane 4 da hanyoyi 15 masu launinsa. Akwai katunan albarkatu 95, wato 19 na kowane iri, da katunan ci gaba 25, da dayis biyu irin na wasan ludo, sai wani ɗan gunki da ake kira ɗan fashi, wanda ke fara zama a hamada.

Ba a tsakiyar fili ake gini ba. Ana kafa ƙauye ne a kusurwa, inda filaye uku suka haɗu, ko biyu ko ɗaya idan a gaɓar teku ne. Hanya kuma a kan iyakar da ke tsakanin filaye take kwanciya. Kusurwoyin tsibirin 54 ne, iyakokin 72.

Yadda ake wasa

Da farko kowa zai ajiye ƙauye biyu da hanya biyu kyauta. Ana bi ɗaya bayan ɗaya, sannan a juyo da baya: na farko, na biyu, na uku, na huɗu, sai na huɗun ya sake ajiyewa, a dawo har kan na farko. Wanda ya samu zaɓin fari shi zai yi na ƙarshe, na ƙarshe kuwa ya zaɓi wuri biyu a jere. Ƙauye na biyu shi ke ba mutum katunansa na farawa, ɗaya daga kowane filin da ya taɓa.

Daga nan duk wanda layi ya zo kansa sai ya jefa dayis biyu. Filayen da ke ɗauke da jimillar da ta fito za su ba da amfani ga duk mai gini a kusurwarsu, ko da ba shi ya jefa ba: ƙauye kati ɗaya, birni kati biyu. Wannan ƙa'ida ce ta hana zaman jiran gawon shanu, domin jifar kowa ta shafi kowa. Bayan an raba amfani, mai layi zai yi ciniki, sannan ya gina abin da ƙarfinsa ya kai.

Hanya na cin katako ɗaya da tubali ɗaya. Ƙauye na cin katako, tubali, ulu da hatsi, ɗaiɗai. Birni ba a gina shi a sabon wuri, ƙauye ake ɗaukakawa da hatsi biyu da tama uku. Katin ci gaba kuma tama ce da ulu da hatsi. Ƙauye maki ɗaya ne, birni biyu. Wanda ya fara shimfiɗa hanya biyar a jere ba yankewa yana karɓar maki biyu na hanya mafi tsawo, wanda ya fara fito da katunan ci gaba na barade uku kuma ya karɓi maki biyu na runduna mafi girma. Waɗannan biyun aro ne, ranar da wani ya zarce mai riƙe da su za su koma hannunsa.

A cikin katunan ci gaba 25, barade 14 ne, biyar maki ne da ake ɓoyewa sai ƙarshe. Shidan da suka rage iri uku ne, bibbiyu: mai ba da hanya biyu kyauta, mai ba da albarkatu biyu daga banki (wato tarin katunan albarkatun da ba sa hannun kowa), da wanda ke tilasta wa kowa miƙa duk katunansa na irin albarkar da mai katin ya ambata. Kati ɗaya tak ake amfani da shi a layi ɗaya, kuma ba a layin da aka saye shi ba.

Lissafin dayis

Dayis biyu na iya faɗuwa ta hanya 36. Shida daga ciki na ba da 7, biyar na ba da 6, biyar na ba da 8, hurhuɗu na ba da 5 da 9, uku-uku 4 da 10, bibbiyu 3 da 11, sai 2 da 12 masu hanya ɗaya kacal kowanne. Shi ya sa aka rubuta 6 da 8 da ja, kuma ƙa'ida ta hana su maƙwabtaka da juna. A ƙarƙashin kowace lamba akwai ɗigogi da ke nuna yawan hanyoyin nan, don kada mai wasa ya sha wahalar lissafi.

A ɗauki kusurwa biyu. Ta farko ta taɓa filaye masu 6 da 9 da 5, ɗigonta 13 ke nan, wato a jifa 36 ana sa ran ƙauyen da ke wurin zai kawo kati 13. Ta biyu ta taɓa 2 da 3 da 11, ɗigo biyar. Kuɗin gina ƙauyukan biyu ɗaya ne, makinsu ɗaya, amma na farko ya ninka na biyu amfani fiye da sau biyu. Sabon shiga yakan tsaya a nan, ya bi ɗigo ido rufe. Gwani kuwa yana duba irin albarkar tukuna. Filin tubali uku ne kawai, na tama ma uku. Idan lambobin da suka faɗa kan tubali raunana ne, to tubali zai yi tsada a wannan zaman, kuma mai riƙe da ɗan abin da ake samu shi zai riƙa yanka farashi. Haka nan mai ƙauye biyu a kan lambobi iri ɗaya yakan ci ya ƙoshi a jifa guda, sannan ya yi ta hamma har zagaye uku.

Ciniki

Banki na karɓar kati huɗu iri ɗaya ya ba da ɗaya na kowane iri. Mai ƙauye a tashar jirgin ruwa na samun sauƙi: tashoshi huɗu na karɓar uku su ba da ɗaya, biyar kuma kowacce ta keɓanta da albarka guda, tana karɓar biyu. Amma duk wannan asara ce idan aka gwada da musaya tsakanin 'yan wasa, inda babu tsayayyen farashi sai abin da baki ya daidaita. Sharaɗin kawai shi ne mai layi ya kasance cikin cinikin, kuma ba a kyauta, sai an ba da wani abu an karɓi wani.

A nan teburin ke ɗaukar zafi. Mai layi na riƙe da ulu uku da katako, tubali ɗaya ya rage masa ya shimfiɗa hanya zuwa wata kusurwa mai kyau. Ya yi tayi: ulu ɗaya a kan tubali. Shiru. Ya ƙara zuwa biyu. Mai tubalin ta dubi allo, ta ga kusurwar da yake hari ita ce wadda ita ma take so, ta ƙi. Na uku ba ya da tubali amma ya sa baki, yana tuna wa kowa cewa mai layin na da maki bakwai a fili da kati biyu a kife. Ba abin da ya motsa a kan allo, amma an yi wasa mai yawa.

Da zarar an ga mutum ya doshi maki 10, sai a daina sayar masa da komai. Ba a rubuta wannan a littafin ƙa'ida ba, hankali ne ke kawo shi, kuma shi ke sa tazarar da ke tsakanin 'yan wasa ba ta cika yin nisa ba. Saboda haka masu iya wasan kan guji yin fice da wuri, su tara makinsu a ɓoye, su bar wani ya zama abin nuni.

Ɗan fashi da tare wuri

Idan 7 ta fito babu filin da zai ba da komai. Duk mai riƙe da kati fiye da bakwai zai mayar da rabi banki. Mai tara zai zubar da huɗu. Sannan wanda ya jefa ya ɗauke ɗan fashi ya ɗora a wani fili, ya zari kati ɗaya a rufe daga hannun wani mai gini a wurin. Filin da ɗan fashi ke zaune ya daina ba da amfani har sai an tashe shi, ko da wata 7 ko da katin barde. Tunda 7 ta fi kowace lamba fitowa, tara kati a hannu ganganci ne.

Mallakar ƙasa kuwa ta rataya ne a kan ƙa'idar tazara: ba a kafa ƙauye a kusurwar da ke maƙwabtaka da wani ƙauye ko birni, ko na mutum ne da kansa. Ƙauye ɗaya ke nan na iya kashe kusurwa uku da ke kewaye da shi. Sabon ƙauye kuma sai ya haɗu da hanyar mai shi. Don haka sanda ɗaya ta hanya da aka ajiye a kan lokaci na iya toshe wa mutum gaba, ƙauyen da aka dasa a tsakiyar doguwar hanyar abokin hamayya kuma ya raba ta biyu, maki biyunsa su tafi. Da mutum huɗu tsibirin na cika da wuri, kuma wanda aka killace ba shi da mafita sai birane da katunan ci gaba.

Asali

An haifi Klaus Teuber a 1952 a yankin Odenwald na jihar Hesse. Sana'arsa haɗa haƙoran roba, a wani ɗakin aiki kusa da Darmstadt, wasanni kuwa da dare yake ƙera su, yana gwada su da iyalinsa. Kafin Catan ya riga ya ci kyautar Spiel des Jahres, wato gwarzon wasan shekara na Jamus, har sau uku: da Barbarossa a 1988, Adel verpflichtet a 1990, da Drunter und Drüber a 1991. Labarin yadda mutanen Viking, matuƙan jiragen ruwa na arewacin Turai a zamanin da, suka zauna a tsibirin Aislan ne ya ja hankalinsa ga ƙirƙirar Catan. Abin da ya fara tsarawa babban wasa ne da ya haɗa gano ƙasa da zama a cikinta da rikici a kanta. Da ya ga ya yi nauyi sai ya rarraba shi, aka samu Catan, da Entdecker a 1996, da Löwenherz a 1997.

Catan ya ci Spiel des Jahres da Deutscher Spiele Preis, wata kyautar wasanni ta Jamus, a shekarar fitowarsa. Kamfanin Mayfair Games na Amurka ya fitar da shi da Turanci a 1996, kuma ta dalilinsa ne jama'a da yawa a wajen Jamus suka fara sanin salon wasannin Jamusawa: ƙa'idoji kaɗan, lokaci ƙayyadadde, kowa na ciki har ƙarshe. A ƙarshen shekarun 1990 Teuber ya bar aikin haƙora. A 2015 aka taƙaita sunan wasan zuwa Catan, a 2016 kuma kamfanin Asmodee na Faransa ya sayi haƙƙin bugun Turanci. Zuwa 2020 an sayar da fiye da kwafi miliyan 32 cikin harsuna sama da 40. Teuber ya rasu ranar 1 ga Afrilu, 2023.

An yi wa wasan ƙare-ƙare da dama. Na 1996 ya ba mutum biyar ko shida damar zama. Seafarers na 1997 ya kawo jiragen ruwa, da ake ƙerawa da katako da ulu, da ƙananan tsibirai. Cities & Knights na 1998 ya fi su nauyi: maki 13 ake nema, birane na samar da takarda da yadi da tsabar kuɗi, ga kuma maharan teku da ke tilasta wa kowa tanadin barade. Traders & Barbarians ya biyo baya a 2007, Explorers & Pirates a 2013. Ana kuma buga shi a waya da kwamfuta, ana gasarsa ta duniya.

Suka

Ƙorafin da aka fi yi shi ne na sa'a. Zama ɗaya ba ya da jifa mai yawan da zai sa lissafi ya daidaita, don haka 8 na iya ɓacewa na tsawon lokaci 11 ta yi ta fitowa. Akwai gaskiya a nan, ko da yake mai kukan dayis sau da yawa a zaɓin kusurwarsa ta farko ya yi ɓarnar. Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne wanda aka toshe tun farko zai zauna awa guda bai fita ba kuma bai da abin yi, sannan wanda ba zai ci ba na iya zaɓar wanda zai ci ta hanyar cinikinsa na ƙarshe.

Wasu masu nazari kuma sun dubi labarin kansa: tsibiri mai albarka, babu kowa a cikinsa, yana jiran baƙi su zo su raba. Sun ce wannan hoto ne da turawan mulkin mallaka suka daɗe suna zanawa game da ƙasashen da ke da masu su. Wasan Spirit Island na R. Eric Reuss, wanda ya fito a 2017, ya juya labarin: 'yan wasa su ne iskokin tsibirin, suna haɗa kai da mazaunansa na asali don korar masu zuwa kafa ƙauyuka.