Lasisin gida ba ya miƙa wa direba makulli a baƙuwar ƙasa

An daɗe ana cewa duk direban tirela da ya ƙetara wata ƙasa, kashegari zai hau sitiyari, tunda ana neman direbobi ruwa a jallo. Ƙarancin direbobin gaskiya ne. A 2021 sai da Birtaniya ta ware biza 5,000 ta wucin gadi domin direbobin manyan motoci. Amma buƙata daban, izini daban.

Yawancin ƙasashe sai sun sake gwada ka. A Tarayyar Turai, bayan lasisin CE, wato lasisin tuƙa tirela, dole ka mallaki shaidar ƙwarewa mai lamba 95. A lardin Ontariyo na Kanada, tun 2017 sai ka yi horon sa'o'i 103.5 kafin jarrabawar hanya, ko da ka shekara 20 kana jan tirela.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda gogewar mutum ke komawa tamkar babu idan ba takardar shaida. Kamfanin inshora takarda yake dubawa. Ga kuma na'urar da ke gaban direba tana ƙirga komai: a Turai, bayan sa'o'i huɗu da rabi na tuƙi, wajibi ne ka huta minti 45, ko da kayan sun makara.