Tambayoyinku kan dakoreshan ɗin wurin biki, ga amsoshina

Assalamu alaikum amare da iyayen biki. Ni dai sana'ata dakoreshan ce a nan Kano, kuma duk sanda aka shiga kakar bukukuwa, bayan ƙaramar sallah da bayan babbar sallah da ƙarshen shekara, wayata bata hutawa, tambayoyi kusan iri ɗaya ke ta shigowa ta WhatsApp wasu har tsakar dare. Shi yasa nace bari in tattaro waɗanda suka fi maimaituwa in amsa su wuri guda, duk wadda aka sa mata rana ko take shirin aurar da 'ya ta karanta a nitse kafin ta fitar da ko sisi.

Tambaya: Anti na ga wani dakoreshan a Instagram ya burge ni sosai, in na turo hoton zaki min irinsa sak?

Turo ƙanwata, ina son ganin hoton don shi zai nuna min inda ranki ya karkata. Amma bazan ce miki eh ba sai ƙafata ta taka wurin da za'a yi taron. Hoton nan da kike gani an ɗauke shi ne kafin kowa ya shigo, ba mutane ba kulolin abinci ba yara masu guje-guje, kuma yawanci a hol ne mai dogon silin wanda in an sako labule daga sama zai zubo da kyau, toh ke kuma wataƙila hol ɗin da Baba ya kama in dogon mutum ya miƙa hannu ya kusa taɓo silin, ga fankoki na juyawa, in na rataya miki wannan labulen a nan zafi kawai zan tara miki wurin kuma ya ƙara matsewa. In naje abinda nake dubawa shine tsayin silin, ƙofa nawa ce kuma ta ina amarya zata shigo, ina soket yake, akwai ginshiƙi a tsakiya da zai kare wa mutane ganin sitej ko babu, wace kala ce a bango da tayil, sannan in tambayi masu wurin ko sun yarda a buga ƙusa ko a manna abu a bango don da yawa basa yarda. Kuma in da hali a je a daidai lokacin da za'a yi taron, wurin da kika gani da hantsi ba shi bane bayan magariba.

Tambaya: Yaushe ya kamata mu nemi mai dakoreshan?

Da an sa rana an kama wuri. Ki tambayi masu iben senta ƙarfe nawa zasu buɗe mana ƙofa, don akwai wuraren da ake taro biyu a rana ɗaya, aikin da yake son yini guda ba zai yiwu cikin awa biyu ba. In kin bada kafin alƙalami a rubuta komai, kujera nawa, tebur nawa, wace kala, wa zai kawo janareta, wa zai kwashe kaya bayan an tashi.

Tambaya: Kayana ruwan gwal ne, ina so komai na wurin ya zama ruwan gwal ya dace da ni, ya kika gani?

A'a dan Allah kar kiyi haka. Wannan kuskuren shi yafi ci min rai don kuɗi ake kashewa sosai a ƙarshe amarya ta ɓace. Na taɓa zuwa wata dina a matsayin 'yar gayyata, amarya kyakkyawa tasa leshi ruwan gwal, labulen bayanta ruwan gwal, kujerarta ma haka, wallahi daga inda nake zaune fuskarta kawai nake iya rarrabewa, ɗinkin da aka yi wata guda ana yi ba wanda ya ganshi. Bayan amarya ana so ne ya fito da ita. In kayanki masu ƙyalli ne sai a sa miki abu mai sanyi a baya, ruwan madara ko koren ganye mai duhu, in kuma fari zaki sa toh kar bayan ya zama fari fat.

Sannan ki tuna da anko. Ƙawaye da dangin amarya da dangin ango in suka cika wuri su ma kala ce, wani lokacin ma sun fi labulen yawa, in anko shuɗi ne mai haske ke kuma kin cika tebura da ja da ruwan lemo ido ya rasa inda zai sauka. Kala biyu ta isa, ta uku a ɗan ɗiga ta kaɗan. Kuma ki kawo min ƙyallen yadin a hannu ba hoto ba, waya tana canza kala, ni da ƙyallen nake shiga Kantin Kwari in kara shi a jikin yadin da zan saya a fito da shi hasken rana a duba.

Tambaya: Mai hoto yace fitilu sun ɓata masa aiki a bikin yayata, meye gaskiyar abun?

Gaskiya ya faɗa. Fitilun nan masu kala, shuɗi da ja da ruwan makuba, a bango da labule ake haska su, in suka sauka a fuskar amarya duk kwalliyar da mai mekof ta ɓata awanni tana yi ta tashi a banza, fata ta koma toka-toka a hoto. A kan sitej farin haske ake so mai ɗan ɗumi. In kin duba kwalin ƙwan fitila zaki ga lamba, mai 3000K shine mai ɗan ruwan ɗorawa da ke yiwa fatarmu kyau, mai 6500K kuma fari ne tas irin na ofis. Kar a cakuɗa su a sitej ɗaya. Ni kullum nakan karɓi lambar mai hoto da mai bidiyo muyi magana kafin ranar, kuma a kunna janareta a gwada komai tare da kayan DJ, don sau da yawa fitilu na ci lafiya lau sai an kunna sifiku da esi komai ya ɗauke.

Tambaya: Hajiya ce ke tambaya, kamun 'yata nake so ayi shi na gargajiya sosai, me da me ake nema?

Ranki ya daɗe wannan shine aikin da nafi so a raina, kuma abun daɗin shine rabin kayan suna gidajenku. Kafin a je kasuwa a fara shiga ɗakunan kakanni, a tambayi tasoshi da kwalla da langa da fanteka na jeren da, a wanke su a goge, ba abun roba da zai kamo ƙyallinsu, kuma in tsofaffin suka shigo suka ga kayan aurensu a gaban jikarsu zaki ga yanda fuskarsu ke canzawa. Sauran kuma Kasuwar Kurmi ce gidansu, tum-tum na fata, ƙore masu zane, faifai, akushi, ludayi, mafici, tabarmar kaba. A bayan amarya maimakon labulen leshi sai a kafa zana ko asabari a rataya saƙi ko rinin shuni irin na karofin Ƙofar Mata, a shimfiɗa darduma mai kauri a jera tum-tum, a ajiye turmi da taɓarya da randa a gefe, gefe fa nace ba kan hanya ba.

Abu biyu zan roƙa. Na farko kar a mayar da wurin kamar rumfar mai saida kayan gargajiya, kaya kaɗan masu kyau da aka basu fili sun fi tarkace. Na biyu, zaman ƙasa na amarya ne da ƙawayenta, gwaggonni da innoni masu ciwon gwiwa a tanadar musu kujeru masu majingina kusa da gaba, su ne fa masu kamun, su zasu fesa turaren su kuma za'a yi cinikin fansar amarya a gabansu. Kuma a tambayi dangi al'adar wa ake yi, shimfiɗar wushe-wushe ta Barebari daban, ta Fulani mai ƙore da nono daban, kar a haɗa su a kwaɓa. In a Kano ne kuma a sani cewa a 2025 Hukumar Tace Finafinai ta jiha ta sanar da hana bikin da ake kira ranar ƙauyawa, don haka ki yi magana da masu wurin tun wuri kan irin taron da zaki yi.

Tambaya: Mu a ƙofar gida zamu yi yini da kanofi, shima sai an kira mai dakoreshan?

Ba dole bane, ku da ƙannenku zaku iya, amma a lura da yanayi don shine mai gidan a waje. Da damina, musamman Yuli da Agusta, iskar da ke zuwa gaban hadari tana ɗaga kanofi sama kamar leda, a ɗaure kowace ƙafa da igiya a turke ko a danne ta da bulo ko buhun yashi, kuma wayar wuta kar ta kwanta a ƙasa inda ruwa zai bi. Da hunturu ƙura ce, kar a sa wa kujeru fararen riguna tun safe, a bari sai saura kamar awa ɗaya, a kuma yayyafa ruwa a filin bayan an share. Da bazara kuwa balan-balan fashewa yake a rana tun kafin baƙi su zo, gara a sa kuɗin a hayar fankoki. Kar a zaunar da amarya tana kallon yamma bayan la'asar, rana zata dake ta a fuska tayi ta gumi tana runtse ido. A bar wa maƙwabta hanyar wucewa a kuma sanar da su tun kafin ranar. Sai wurin sallah, wannan kusan kullum mantawa ake, a ware gefe guda mai tsabta da tabarmi da butoci da ruwa, nesa da sifika, don la'asar da magariba duk a wurin zasu riski mutane.

Tambaya: Ɗanyar filawa ko ta roba?

A zafin garin nan ta roba mai kyau ta fi rufin asiri. Ɗanyar daga Jos ake kawo ta, wata ma daga Kenya, tana da tsada kuma in ba esi awa kaɗan ta sunkuyar da kai. In ranki na sonta a sa ta a hannunki da teburin gabanki kawai.

Tambaya: Kati 300 muka buga, kujera 300 zamu ɗauko?

Ƙanwata kin san bikinmu, kati ɗaya mutum uku yake kawowa, a ƙara kujeru a jibge su a gefe cikin rigunansu. Tebur mai zagaye na ƙafa 5 mutum 8 yake ɗauka cikin walwala, na ƙafa 6 mutum 10, in aka matsa fiye da haka masu manyan ɗaurin kai da manyan riguna zasu takura. Hanyar da amarya zata bi a bar mata faɗi kamar mita 2, ba ita kaɗai zata shigo ba, ga ango ga ƙawaye ga jelar riga ga mai bidiyo yana tafiya da baya, kafet ɗin kuma a manne bakinsa da ƙasa don takalmi mai tsini. Abun da za'a ɗora a tsakiyar tebur ya zama gajere yanda mutum zai ga na gabansa. Teburin iyaye kusa da sitej amma ba a bakin sifika ba. Gaban sitej a bar fili don nan kowa zai taru hoto da gaisuwa, ni har ƙwarya babba ko akwati mai ado nake ajiyewa a wurin don masu bada kyauta, tunda dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana liƙi da tattaka naira.

Tambaya: Ina son tartsatsin wuta da hayaƙi lokacin da zamu shigo, akwai matsala?

Nan kam zan ɗan tsaya, don magana ce ta rai. Duk yadin da muke ratayawa da filawar roba da soso da katakon sitej abinci ne ga wuta. A watan Satumban 2023 a garin Ƙaraƙosh na ƙasar Iraƙi an kunna wasan wuta cikin hol ana tsakiyar biki, ya kama adon da ke silin, sama da mutum 100 suka rasu, Allah ya kiyaye mu. Ni tun daga lokacin duk wanda zai kawo injin tartsatsi sai na tsaya an gwada shi a gabana na ga iya inda yake kaiwa, ko da ance mai sanyi ne, in silin gajere ne ko akwai labule a sama toh bana yarda, gara in rasa aikin. Kyandir na gaske a sa shi cikin gilas ko a yi amfani da mai batir, mayafi da gyale suna wucewa ta kan tebur ba tare da mai shi ta sani ba. Kaskon turaren wuta a turara wurin da shi kafin mutane su shigo sannan a fitar, kar a tura shi ƙarƙashin tebur mai riga. Janareta a waje can nesa da taga saboda hayaƙinsa kisa yake. Kuma kar ki yarda wani mai dakoreshan ya rufe ƙofar fita da labule wai don bata da kyau a hoto, kowace ƙofa a barta a buɗe kowa na ganinta, ki tambayi masu wurin ina tukunyar kashe gobara take ki ganta da idonki.

Tambaya: Anti gaskiya kuɗinmu kaɗan ne, kayan ɗaki sun cinye komai, ya zamu yi wurin yayi kyau?

Kar ki ji kunyar faɗar haka, ki gaya min abinda ke hannunki tun farko sai mu yanka rigar daidai jiki, kuma kar a ci bashi saboda labulen da za'a kwance kafin sha biyun dare. Kuɗin a zuba shi a inda zaki zauna da hasken da zai sauka a kanki, don duk hotunan da zaki ajiye a nan za'a ɗauke su. Bayan nan sai rigunan kujera da na tebur su zama wankakku gogaggu, ko ba komai a kansu. Ado a silin, ƙofar filawa, sunanku da fitila, duk a barsu. In kamu da yini a wuri ɗaya za'a yi, ƙarfen bayan sitej ɗaya ya isa sai a canza masa yadi da shimfiɗa washegari, in kuma akwai wata amaryar a dangi ko a unguwa da ranarku ta zo kusa ku haɗa ku ɗauki hayar kaya tare. Sannan ki wakilta mutum ɗaya tsayayye cikin yayyenki ko ƙannen Mama, a ƙirga kujeru da rigunansu da filawoyin tebur a gabansa lokacin da aka sauke, a sake ƙirgawa in an tashi, don baƙi na ɗaukar filawar tebur su tafi da ita suna zaton rabo ce, kuma kuɗin abinda ya ɓata a kanku zai dawo.