Yadda dokar Ingila ke kare tsofaffin masana'antun auduga

A shekarar 1771 Richard Arkwright ya gina masana'antar kaɗin auduga a ƙauyen Cromford da ke yankin Derbyshire na Ingila, inda ruwa ke juya injinan zare. An daɗe da daina kaɗi a wurin, amma ginin na nan tsaye, kuma ko mai shi ba ya da ikon fasa bango ɗaya sai da izini.

Dokar da ta ɗaure masa hannu ita ce ta gine-ginen tarihi ta 1990, wadda asalinta ke komawa ga dokokin tsara birane na 1944 da 1947, lokacin da yaƙi ya ragargaza garuruwa aka ga ya kamata a san abin da ya saura. Gwamnati na da rajistar gine-ginen da ke da daraja ta musamman, ko don fasalin gininsu ko don tarihinsu. Kowa na iya neman a saka gini. Hukumar Historic England ce ke bincike ta ba da shawara, ministan al'adu ya yanke hukunci. Aji uku ne: Aji na I, Aji na II mai tauraro, sai Aji na II wanda ya kwashe sama da kashi 90 cikin 100. Cromford na Aji na I, rukunin da bai kai kashi 3 cikin 100 ba.

Me ake karewa a jikin masana'anta? Wuta ce ta koya wa magina yawancin abin da ake gani. Ƙurar auduga na tashi a iska, man inji ya jiƙa daɓen katako, ga fitilu na ci, tartsatsi ɗaya ya isa. Masana'antar dangin Strutt da ke Belper ta ƙone a 1803, sai William Strutt ya sake gina ta a 1804 da ginshiƙai da gungumen ƙarfe, aka ɗaura rufin bulo mai lanƙwasa tsakanin gungume da gungume don wuta ta rasa abin ci. Wanda ya shiga irin wannan bene zai ga ginshiƙai siri-siri a jere, tagogi reras a kowane gefe domin ma'aikaci ya ga zaren da ya tsinke. A silin akwai maƙalan ƙarfe inda dogon sandan da ke juya injina ya ratsa. Waɗannan su ne shaidar yadda aka yi aiki, kuma su mai gyara ke fara ɗauka a matsayin tarkace.

Shi ya sa rajista ba ta tsaya a fuskar gini ba. Ta haɗa ciki da waje, da duk abin da ke manne da ginin, da wasu gine-ginen harabarsa da ke wurin tun kafin 1 ga Yulin 1948. Ɗakin inji, bututun hayaƙi, ɗakin ajiya, har katanga na iya shiga. Duk aikin da zai taɓa kamannin ginin, rushewa ne ko ƙari ko sauya tagogi, sai an nemi izini a ƙaramar hukuma. Ba a biyan kuɗin neman wannan izini. Yin aikin ba tare da shi ba laifi ne da ka iya kai mutum gidan yari har shekara 2, ko tarar da ba a ƙayyade iyakarta ba, kuma alƙali na duba ribar da mai laifi ya ci kafin ya yanka tara. Cewa "ban san ginin na cikin rajista ba" ba ta fid da kowa. Hukuma na iya sa a maida gini yadda yake ko da shekaru sun wuce, ko da ya sauya hannu.

Inda dokar ke da rauni shi ne sakaci. Ta hana mutum ɓarna da hannunsa, amma ba ta ɗora masa wajibin gyara kai tsaye ba. Mai gini na iya zura ido rufi ya yi ta yoyo har katako ya ruɓe, sannan ya zo ya ce ginin ya zama haɗari. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, domin filin masana'anta a tsakiyar gari ba ƙaramar dukiya ba ne. Akwai magani a rubuce: ƙaramar hukuma na iya yin gyaran gaggawa a ginin da ba kowa ciki ta karɓi kuɗinta daga mai shi, ko ta ba shi takardar umarnin gyara, in wata 2 ya cika bai motsa ba ta fara shirin sayen ginin ala tilas. Manufar tsara birane ta ƙasar ma ta ce in an ga alamar sakaci da gangan, ba za a ɗauki lalacewar a matsayin hujja ba. Sai dai hukumar da aljihunta ba nauyi tana ɗari-ɗari da karɓar bene mai hawa shida da ba rufi. Wani bincike da Historic England ta fitar a 2017 ya nuna kusan rabin tsofaffin masana'antun yankin Manchester sun salwanta tun daga shekarun 1980.

A ganina, waɗanda ke tsira su ne waɗanda aka samar wa sabon aiki, kuma dokar ba ta hana hakan ba. Masana'antun Murrays da ke unguwar Ancoats a Manchester, waɗanda aka fara a ƙarshen shekarun 1790, yanzu gidajen zama ne. Cromford kuwa ta zama wurin haɗa sinadaran fenti kafin ƙungiyar Arkwright Society ta saye ta a 1979 ta shiga gyara, a 2001 kuma UNESCO ta saka masana'antun kwarin kogin Derwent, har da Cromford, cikin wuraren tarihi na duniya.

Masana'antar da ba ta shiga rajista ba ma tana da kafa ɗaya. Idan ƙaramar hukuma ta ga ana shirin rushe ta, tana iya ba da sanarwar kariya ta wucin gadi mai aiki na wata 6, ginin ya samu kariya irin ta mai rajista kafin minista ya yanke shawara.